Daga Kwandon Cefane Zuwa Tikitin Jirgi: Yadda Mazauna Birtaniya Ke Juya Makin Sainsbury's da Tesco

Duk wanda ke zaune a Birtaniya ya saba da tambayar da ake yi masa a wajen biyan kuɗi: kana da Nectar? Kana da Clubcard? Katunan tara maki ne na manyan kantuna biyu, Sainsbury's da Tesco. Yawancin mutane suna miƙa katin ne don rangwamen da ke kan kaya, makin da ke taruwa kuwa sai a kashe shi a cefanen ƙarshen shekara. Amma ana iya mayar da wannan maki makin jirgin sama, a rage da shi kuɗin zuwa Abuja ko Legas. Sai dai a faɗi gaskiya tun daga farko: makin da ake samu a kan kowane fam ɗan kaɗan ne, shi kaɗai ba zai kai ka gida ba. Abin da ke tara maki shi ne garaɓasar da kantunan ke yi mako-mako, da sanin ranar da ya kamata a juya da ranar da ya kamata a bari.

Mataki na farko: zaɓi jirgi, shi zai zaɓa maka kanti

Hanyoyi biyu ne manya. Katin Nectar, wanda aka fara a 2002 kuma Sainsbury's ya saye shi a 2018, yana tafiya da Avios, makin British Airways. Wannan haɗin ya fara a Janairun 2021, a daidai lokacin da Tesco ya rabu da Avios. Shi kuma Clubcard na Tesco, wanda ke nan tun 1995, yana tafiya da makin Virgin Atlantic.

Saboda haka tambayar ita ce ina za ka sauka. British Airways na tashi daga Landan kai tsaye zuwa Abuja da Legas da Accra. Virgin Atlantic na zuwa Legas, amma ba ya zuwa Abuja. Mutumin Kano ko Kaduna ko Sakkwato da ya sauka Legas yana da sauran tafiya a gabansa, da kuɗin wani jirgin, da ɗawainiyar kaya. Ga ɗan Arewa, Avios ya fi dacewa, kuma akwai ƙarin dalili: tun Maris na 2022 Qatar Airways ma da Avios yake aiki, kuma a shekarar ne ya fara zuwa Kano ta Doha. Ana haɗa asusun British Airways da na Qatar, a tura maki daga wannan zuwa wancan ɗaya bisa ɗaya, ba a cire komai. Hanyar Doha zagaye ce mai tsawo, amma wanda burinsa ya sauka filin Malam Aminu Kano ba ya ganin tsawonta. Ita ce kuma hanyar da mai niyyar Umra zai duba. 'Yan Nijar su lura da Royal Air Maroc, wanda ke ƙawance ɗaya da British Airways tun 2020, ma'ana ana iya kashe Avios a jirginsa, kuma yake zuwa Yamai ta Casablanca.

Virgin ma yana da nasa abokan, domin ya shiga ƙawancen SkyTeam a 2023, inda Air France da KLM da Saudia suke. Idan Tesco ne a bakin layinku, Sainsbury's kuwa sai an hau bas, kada ka wahalar da kanka. Abin da dai ba na ba da shawara shi ne raba ƙafa: rabin cefane nan, rabi can, a ƙarshe maki ya warwatsu a asusu biyu, babu wanda ya isa sayen komai.

Mataki na biyu: buɗe asusun, kuma ka kula da suna

Asusu biyu kake buƙata, duk kyauta: na kanti da na kamfanin jirgi. Na British Airways sunansa The British Airways Club tun Afrilun 2025, a da ana ce masa Executive Club. Na Virgin kuwa Flying Club. Ka sauke manhajar kantin a waya, domin can garaɓasar take, katin roba kaɗai ba ya nuna ta.

Wurin da mutanenmu ke yawan tuntuɓe shi ne rubutun suna. Fasfo ya ce Muhammad, katin kanti ya ce Mohammed, asusun jirgi kuma an buɗe shi da Muhammadu. Ko mace ta buɗe Nectar da sunan mahaifinta, asusun jirgi da sunan mijinta. Ka ɗauko fasfo ka ajiye a gabanka, ka kwafe sunan harafi bayan harafi a duka biyun, adireshi da ranar haihuwa su ma su zo ɗaya. Gyara wannan daga baya yana cin kwanaki da buge-bugen waya.

Sannan a gida a tsayar da kati ɗaya. Idan maigida na da nasa, uwargida na da nata, babban ɗa na da nasa, to maki ya kasu uku. British Airways na barin mutum har bakwai su haɗa makinsu a asusun gida. Yana da amfani, amma da sharaɗi: da zarar an haɗa, ba a sayen tikiti da makin sai ga waɗanda ke cikin asusun da wasu mutum biyar da aka sa sunansu a jerin 'yan uwa da abokai. Idan niyyarka ka ɗauko Hajiya daga Abuja ta zo ganin jikoki, sa sunanta a jerin tun da wuri.

Mataki na uku: lissafin da komai ya rataya a kansa

Nan ne ya kamata a zauna da biro. Zan kira ƙaramin kuɗin Ingila kwabo, wato kwabo 100 fam ɗaya.

A Sainsbury's, fam ɗaya maki ɗaya ne, a gidan mansu kuma lita ɗaya maki ɗaya. Haka ake samu a kantin Argos da gidajen man Esso. Idan ka kashe makin a kanti, kowanne rabin kwabo ne: maki 500 fam biyu da rabi. Idan ka juya, Nectar 400 na ba da Avios 250. To Nectar 400 fam biyu ne a kanti. Ke nan ka ba da kwabo 200 ka karɓi Avios 250, kowane Avios ya tsaya maka a kwabo 0.8. Riƙe wannan adadi, shi ne ma'auninka. Avios ɗin da ya fito daga kanti ba kyauta ba ne, cefanen da ka haƙura da shi ne.

A Tesco, fam ɗaya maki ɗaya ne, a gidan mai kuma sai lita biyu ke ba da ɗaya. Maki 150 na zama bauca, wato takardar sayayya, ta fam ɗaya da rabi, ita kuma tana zama makin Virgin 300. Kafin tsakiyar 2023 tana ba da 375, aka rage. A ido Tesco ya fi alheri nesa ba kusa ba: fam ɗaya na cefane na kawo makin Virgin biyu, alhali a Sainsbury's ko Avios ɗaya bai cika ba. Amma baucar Tesco na ninka darajarta sau biyu idan aka kashe ta a wajen abokan hulɗarsu, kamar gidajen abinci da wuraren kai yara wasa. Idan gidanku na amfani da waɗannan, fam ɗaya da rabin nan fam uku ne, makin Virgin ɗaya ya tsaya maka a kwabo ɗaya cur. Idan ba kwa amfani da su, rabin kwabo ne.

Yanzu a ɗauki misali. A ce gida na kashe fam 120 a mako a kanti ɗaya. A shekara fam 6,240 ke nan. A Sainsbury's wannan Avios 3,900 ne, a Tesco makin Virgin 12,480. Tikitin zuwa Najeriya da dawowa kuwa dubban gomomi yake ci, ban da kuɗin da ake ɗorawa a kai. Wanda ya dogara da makin yau da kullum kaɗai a Sainsbury's zai shekara goma bai hango Abuja ba.

Mataki na huɗu: garaɓasa, inda makin yake

Manhajar Nectar na fitar da tayi kowane mako, kuma tayin kowa daban ne, domin daga abin da ka saba saya ake zaɓo maka. Za ka ga an rubuta ƙarin maki 40 a kan madara, 60 a kan ƙwai, 100 a kan man girki. Ba sa shiga da kansu, sai ka danna ka ajiye kowanne kafin ka biya. Wanda ya biya sannan ya tuna, ya yi asara, ba a komawa baya. Ka mayar da shi al'ada: kafin ka ɗauki kwando, tsaya a bakin ƙofa ka buɗe manhajar ka danne duka, har waɗanda ba ka da niyyar saya. Dannawa ba ta cin komai.

Dubi bambancin. Madarar fam ɗaya da rabi maki ɗaya take bayarwa. Da tayi a kanta ta ba da 41. Idan gidan nan na misalinmu ya samu ƙarin maki 300 a mako daga kayan da dama zai saya, a shekara 15,600 ne, ya ninka makin cefanen kansa fiye da sau biyu. A haɗa da 6,240 ɗin farko, an samu Nectar 21,840, wato Avios 13,650. Kuɗin da aka kashe bai ƙaru da ko kwabo ba.

Akwai kuma 'yan takardun da injin biyan kuɗi ke turowa tare da rasit, waɗanda mutane ke dunƙulewa su jefa a shara. Karanta su. Wani lokaci ninki uku ne na maki a cefane na gaba, wani lokaci ƙarin ɗaruruwa idan ka kashe wani adadi kafin wata rana. Irin wannan takarda ita ake ajiye wa babban cefane: na shiga azumi, na Sallah, na suna ko walima, ranar da za a ɗebi mai da sukari da madara da lemo katan-katan. Ninki uku a kan fam 30 maki 90 ne, a kan fam 250 kuwa 750. Takarda ɗaya ce, ranar da aka miƙa ta ce ta bambanta.

Sai gasar da ake yi lokaci-lokaci. Sainsbury's ya saba yin ta ƙarshen shekara, wadda suke kira Count Up to Christmas, da wata ta sayen kayan lambu da 'ya'yan itace, inda ake sa maka matakai, duk wanda ka cika a ba ka maki. Tesco ya fito da Clubcard Challenges a 2024: a zaɓo maka wasu kaya, a ce ka kashe kaza a kansu cikin 'yan makonni, makin da za a iya samu ya kai na fam 50. Fam 50 na Clubcard makin Virgin 10,000 ne, ya kusa abin da gidan misalinmu ke tarawa a shekara guda.

Amma fa kanti ba don Allah yake yi ba. An tsara gasar ne ta yadda matakin da aka sa maka zai ɗan ɗara abin da ka saba kashewa. Makin nan kamar gyara ne a wajen mai awo: ana karɓarsa da murna, amma ba a sayen mudun da ba a buƙata don a samu gyara. Ka auna kowane tayi da kuɗi. Ƙarin Nectar 150 a kan shinkafa kwabo 75 ne. Idan shinkafar ta fi arha da fam ɗaya a shagon 'yan Pakistan na unguwarku, tayin asara ne. Haka nama: wanda ya saba da mahaucin halal ɗinsa kada ya bar shi saboda maki. Haka kuma wanda ke cefane a Aldi ko Lidl yana rage fam goma sha biyar a mako. Wannan ragin fam 780 ne a shekara, kuɗi a hannu, babu makin kantin da zai kamo shi. Mutum irin wannan ya ci gaba da cefanensa a inda yake, ya riƙa shiga Sainsbury's ko Tesco don man mota da kayan da aka sa wa tayi mai tsoka kawai.

Za a ce maka katin bashi na American Express mai alaƙa da Nectar na ƙara maki, kuma gaskiya ne. Duk abin da na faɗa a nan yana aiki ba tare da shi ba. Wanda ya karɓa ya bar bashi ya kwana har ruwa ya hau, ruwan wata ɗaya ya cinye makin watanni. Batun halaccinsa kuwa a kai wa malamai.

Mataki na biyar: juyawa

A ɓangaren Nectar, ana haɗa asusun biyu sau ɗaya ta shafin British Airways ko na Nectar. Daga nan zaɓi biyu ne: ko ka riƙa juyawa da hannunka, ko ka bar na'ura ta riƙa juyawa duk lokacin da maki ya kai 400. Ni na fi son da hannu, ga dalili. Da aka fara a 2021, farashin shiga da na fita ɗaya ne, Avios 250 na komawa Nectar 400. A Nuwamban 2022 aka ce sai ka ba da Avios 300 kafin ka samu Nectar 400, a Maris na 2024 aka ce sai Avios 400. Yau idan ka juya Nectar 400 ka samu Avios 250, sannan ka canza shawara, Nectar 250 za a dawo maka da shi. Fiye da kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Makin da ke zaune a Nectar kuwa yana da ƙofa biyu: ya zama tikiti, ko ya zama cefane ranar da aljihu ya yi sanyi. Bar shi a can har sai ka ga kujerar da kake so, amma kada ka jira sai daren ƙarshe, domin turawar kan ɗauki kwanaki.

Wanda zai tara maki mai yawa a Nectar ya kunna makullin da aka sa a manhajar a 2025, wanda ke hana kashe maki sai mai shi ya buɗe. An sa shi ne saboda yawan kukan mutanen da aka sace wa maki aka kashe a garin da ba su taɓa zuwa ba.

Tesco na fitar da bauca sau huɗu a shekara, a Fabrairu da Mayu da Agusta da Nuwamba, kuma ana iya neman ta kafin lokacin ta manhaja. Tana aiki shekara biyu. Juyawa zuwa Virgin ba ta da komawa sam. A nan juyawa ta na'ura na da wata fa'ida: Virgin ya sha ba da ƙarin maki ga wanda ya kunna ta karo na farko, ko ƙarin kaso ga wanda ya juya cikin wasu kwanaki. Saboda haka kada ka yi gaggawar kunnawa ranar da ka buɗe asusu. Bar saƙonninsu na imel su riƙa shigowa, ka jira tayin.

Game da mutuwar maki: na Virgin ba ya mutuwa. Avios na mutuwa idan asusu ya yi wata 36 babu shiga babu fita, kuma juya Nectar 400 kawai ya isa ya sabunta lissafin. Asusun Nectar da aka bari shekara guda ba a taɓa ba ana iya rufe shi. Ko wace rana za ka juya, sake duba farashin a shafin, tun da ka ga sau nawa aka taɓa shi cikin shekara uku.

Mataki na shida: sayen tikitin

Tikitin maki ba ya zuwa babu kuɗi. Akwai harajin gwamnatin Birtaniya a kan fasinjojin da ke tashi daga ƙasar, da kuɗin filin jirgi, da abin da kamfanin ke ɗorawa. Saboda haka kafin ka danna, yi wannan lissafi: ɗauki farashin tikitin da kuɗi zalla, cire kuɗin da za ka biya a kan tikitin maki, raba abin da ya rage da yawan makin.

A ce, don misali kawai, ana neman Avios 55,000 da fam 150. Idan tikitin kuɗi fam 700 ne, makin ya rage maka fam 550, kowane Avios ya kawo kwabo ɗaya. Ya haura 0.8, ka ci riba. Idan tikitin ya faɗo fam 500, ragin fam 350 ne, kowane Avios bai kai kwabo 0.7 ba. A nan gara ka biya kuɗi ka bar makinka. Kuma kwatancen ya zama da tikitin da da gaske za ka saya. Idan da kuɗinka jirgin da ke tsayawa a Alƙahira ko Istanbul za ka hau saboda arha, da farashinsa za ka auna, ba da na British Airways ba.

Daga wannan lissafi za ka gane cewa maki ya fi daraja a lokacin da tikiti ya fi tsada: Disamba, hutun makaranta na Yuli da Agusta, da duk Sallar da ta faɗo cikin hutu. Matsalar ita ce a lokacin ne kowa ke neman kujerar. British Airways na buɗe jirage kwana 355 kafin tashi, kuma ya yi alkawarin aƙalla kujeru takwas na maki a sashen gama-gari a kowane jirgin da ke tashi daga Heathrow ko Gatwick, da wasu 'yan kaɗan a manyan sassan. Kujeru takwas a jirgin Abuja na mako na uku a Disamba ba sa daɗewa. Wanda ke son Disamba mai zuwa, a Janairu zai nema. British Airways na da kuma ranakun cunkoso da na sauƙi, kowanne da farashinsa, don haka matsar da tafiya kwana biyu kan rage maki. Virgin ya canza tsari a Oktoban 2024: kowace kujera ana iya sayenta da maki, amma farashin na hawa da sauka yadda na kuɗi ke yi, kuma a lokacin rububi yana iya kai inda ba ya da ma'ana.

Idan makin bai isa kowa ba, kada a jira sai ya isa. Iyali mai mutum biyar na iya ɗaukar tikiti ɗaya da maki, huɗu da kuɗi, a jirgi ɗaya. Ana kuma iya ɗaukar zuwa kawai ko dawowa kawai. Abin da ya kamata a yi hattara da shi shi ne tayin da ke fitowa a ƙarshen sayen tikitin kuɗi, na a rage maka wani abu da Avios. Sau da yawa darajar da ake ba makin a nan ƙasa take da 0.8, raba ka gani kafin ka yarda.

Tikitin Avios na da wata fa'idar da lissafi ba ya nunawa. Ana iya soke shi har zuwa awa 24 kafin tashi, a dawo da maki da kuɗi, a cire ɗan kuɗin sokewa, wanda ya daɗe a fam 35 kan kowane mutum. Ga wanda zai je biki a gida, inda ake iya ɗaga rana sau biyu kafin a ɗaura aure, ko wanda ke jiran bizar mahaifiyarsa ta fito, wannan ya fi tikitin arha da ba a taɓa shi. Makin kanti dai ba ya ɗaga matsayinka a kamfanin jirgi, ba zai shigar da kai ɗakin hutun manyan fasinjoji ba. Kuma idan wani ya yi maka tayin sayar maka da maki ko sayen naka a bayan fage, ka ƙi: dokokin kamfanonin sun hana, kuma suna iya rufe asusun da duk abin da ke ciki.